Yadda za ka biya dillalin sari haƙƙinsa idan ya samo maka gidan haya

Gidan da aka riga aka kafa wa allon sayarwa kowa ya gan shi, kuma farashinsa ya riga ya kai inda kasuwa za ta kai shi. Gidajen da mai zuba 'yan haya yake samun riba a kansu galibi ba sa fitowa fili. Akwai na magada da ke zaune a wani gari mai nisa, akwai na wanda bashin haraji ya taru masa, akwai na mai gidan da ya gaji da rigimar 'yan haya yana neman wanda zai raba shi da ƙaya. A Amurka akwai masu sana'ar farautar irin waɗannan gidaje. Suna aika wasiƙu, suna buga waya, suna zagaya unguwanni suna lura da gidan da ciyawa ta cinye ƙofarsa. In sun dace da mai son sayarwa sai su ƙulla yarjejeniyar saye da shi a farashi mai sauƙi, ba don su mallaki gidan ba, sai don su miƙa wa wani mai jari yarjejeniyar, su karɓi la'adarsu. Shi ne dillalin sari.

Rigimar da aka fi yi da shi kan la'adar ce. Mai jari yana ganin mutumin bai ɗora bulo ko ɗaya ba, takarda kawai ya sa wa hannu. Shi kuma dillalin yana tuna ƙofofin da aka rufe masa da kuɗin tallan da ya ƙone kafin mutum ɗaya ya amsa. Abin da ke raba gardamar shi ne lissafin gidan kansa. Ka fara sanin iyakar abin da gidan zai iya ɗauka bisa hayar da zai kawo, la'ada kuma ta fito daga cikin wannan iyaka. In ta shiga, ka biya ba tare da ƙunƙuni ba ko da ta yi maka yawa a ido. In ba ta shiga ba, ko kaɗan ce ta yi tsada.

Mataki na 1: Ka tantance aikin da ya yi

Ba duk mai kawo maka gida ne ya yi aiki iri ɗaya ba, don haka ba ladansu ɗaya ba. Akwai mai kawo labari kawai: ya ba ka adireshi da lambar mai gida, sauran aikin naka ne. Wannan ɗan abin da kuka yanka tun farko ya ishe shi, kuma sai in ciniki ya faɗa. Akwai dillali mai lasisi da yake wakiltarka, wanda ake biya kaso daga kuɗin gida. A Amurka an daɗe ana ba da kashi 5 zuwa 6 cikin 100, dillalin mai saye da na mai sayarwa su raba, ko da yake ba doka ce ta yanka hakan ba, ana ciniki a kai. Sai dillalin sari na ainihi, wanda ya nemo mai gida, ya yi ciniki da shi har aka sallama, ya sa hannu, ya ajiye kafin alƙalami daga aljihunsa. Abin da yake sayar maka shi ne matsayinsa na mai saye a cikin yarjejeniyar. Shi ya fi kowa ɗaukar kasada, don in bai sami mai karɓa ba kafin wa'adi ya cika, kafin alƙalaminsa na iya salwanta.

Tambaya ɗaya ke rarrabe su: «Sunanka ne a kan yarjejeniyar da mai gida ya sa wa hannu?» In ya fara kame-kame, wataƙila kana magana ne da na uku ko na huɗu a layi. Ana yin haka sosai. Wani ya ƙulla ciniki, ya tura wa abokinsa, abokin ya ɗora nasa ya tura gaba, kafin gidan ya iso gare ka an ɗora masa riba hawa uku, kuma wanda ke gabanka ba shi da ikon miƙa maka komai.

Mataki na 2: Ka duba dokar wurin da gidan yake

Wannan ba ya cin lokaci, amma tsallake shi na iya rushe komai. A yawancin jihohin Amurka haramun ne a biya wanda ba shi da lasisi kamasho don ya haɗa mai saye da mai sayarwa. Dillalan sari suna tsira ne da hujjar cewa haƙƙinsu na cikin yarjejeniya suke sayarwa, gidan wani ba su taɓa ba. Wasu jihohin sun ƙuntata wannan ƙofa. Tun 2019 jihar Ilinoi ta wajabta lasisi ga duk wanda ya yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya a cikin wata 12. Okalahoma ta bi sahu a 2021, ta ce sai mai lasisi ne zai tallata irin wannan haƙƙi a bainar jama'a. A Ingila kuwa masu samo wa 'yan jari gidaje suna ƙarƙashin dokar dillalan gidaje ta 1979, dole su shiga wani tsarin sauraron koke-koken abokan ciniki, su kuma yi rajista da hukumar haraji saboda dokar hana halasta kuɗin haram. Ka biya lauyan da ya san harkar gidaje a wannan wuri ya gaya maka ta wace hanya doka ta yarda ka biya mutumin. Kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai ko kusa da abin da za ka sa a gidan ba.

Mataki na 3: Ka karanta yarjejeniyar asali da idonka

Kafin a yi maganar la'ada, ka nemi kwafin takardar da ke tsakaninsa da mai gida. Abu huɗu kake nema a ciki. Na farko, ko an yarda ya miƙa ta ga wani. Gidajen da banki ya ƙwace ya sa a kasuwa, alal misali, galibi yarjejeniyarsu ta hana hakan. Na biyu, ranar da aka yanka don kammala ciniki, ka ga ko kuɗinka zai haɗu kafin nan. Na uku, ko duk masu haƙƙi a gidan sun sa hannu. In gidan gado ne kuma ɗaya daga cikin magada bai sani ba, takardar ba ta da wani amfani. Na huɗu, farashin da suka yi.

A kan na huɗun ne wasu dillalai suke noƙewa, don ba sa son ka ga ratar da ke tsakanin abin da suka saya da abin da suke nema. Ina ganin ɓoye-ɓoyen ba shi da amfani, tun da a ranar kammalawa takardar lissafin ciniki za ta nuna la'adar ɓaro-ɓaro. Wanda ya dage sai ya ɓoye yana da wata hanya: ya sayi gidan da sunansa, ya sake sayar maka a rana ɗaya ko 'yan kwanaki bayan nan, ciniki biyu a jere. Halal ne a inda doka ta yarda, sai dai kuɗin ɗawainiyar kammala ciniki zai zama biyu, kuma shi ya kamata ya ɗauki nauyin na farkon tun da sirrinsa ake rufewa.

Ka kuma tambaye shi ko mai gidan ya san cewa ba shi ne zai saya a ƙarshe ba. Wannan ba shisshigi ba ne. Tsohuwar da aka yaudara ta sa hannu ba ta gane abin da ta sa wa hannu ba, in 'ya'yanta suka kai ƙara, gidan da ke hannunka ne zai shiga kotu.

Mataki na 4: Ka yi lissafi daga haya zuwa baya

Nan ne zuciyar aikin, kuma da kanka za ka yi shi. Dillali zai turo maka nasa lissafin a tsare, da hotuna masu kyau. Ka karanta shi a matsayin talla. Ba lallai ƙarya yake yi ba, amma duk inda lamba take da fuska biyu, mai daɗin zai ɗauka.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don a ga yadda abin ke tafiya. A ce gidan, bayan an gyara shi, zai kawo hayar dala 1,400 a wata, wato 16,800 a shekara. Ba duka ne naka ba. Za ka cire harajin gida, inshora, kuɗin mai kula da gida in ba kai za ka kula ba, ƙananan gyare-gyare, tanadin manyan abubuwan da ke mutuwa lokaci guda kamar rufi da na'urar ɗumama ɗaki, da kuma makonnin da gidan zai zauna babu kowa tsakanin fitar ɗan haya da shigowar wani. A ce duk wannan ya ci 7,200. Saura 9,600. Masu harkar suna da wata ƙa'idar ƙiyasi da ke cewa ɗawainiya takan cinye kusan rabin haya; ba daidai take a kowane gida ba, amma in lissafin dillali ya nuna kashi 20 cikin 100 kacal, ka san an bar wani abu a waje.

Sai ka yanke wa kanka ribar da kake so jarinka ya riƙa kawowa a shekara. A ce kashi 8 cikin 100. Ka raba 9,600 da 0.08, ka sami 120,000. Ma'ana duk abin da za ka zuba a gidan nan, daga farko har ranar da ɗan haya ya karɓi makulli, bai kamata ya haura 120,000 ba. Cire kuɗin gyara, a ce 25,000. Cire kuɗin kammala ciniki da abin da gidan zai ci yana zaune lokacin gyara, a ce 5,000. Abin da ya rage, 90,000, shi ne iyakarka, kuma la'adar dillali tana cikinsa.

Yanzu ka koma kan yarjejeniyar asali. In ya ɗaure gidan a 78,000, akwai sarari na 12,000 tsakaninku. Ya nemi 10,000, ka biya 88,000 gaba ɗaya, kana ƙasa da iyakarka, babu abin jayayya. Ya nemi 20,000, jimillar abin da za ka zuba ta zama 128,000, ribarka ta sauka zuwa kashi 7.5. Ko za ka yarda da hakan, shawararka ce, amma ka yanke ta kana sane.

Dubi kuma abin da ƙaramin kuskure a haya ke yi. In hayar gaskiya a wannan layi 1,250 ce, bambancin dala 150 ne kawai a wata. A shekara ka sami 15,000, ɗawainiya ta ɗan ragu zuwa 7,000, saura 8,000. Raba da 0.08, ka sami 100,000. Cire 30,000 na gyara da kammalawa, iyakarka ta koma 70,000, ƙasa da abin da shi kansa dillalin ya yi wa mai gida alkawari. Ko kyauta ya yi maka aikin, cinikin bai fita ba. Shi ya sa ba a karɓar adadin haya daga bakin mai neman la'ada. Ka nemo gidaje uku ko huɗu masu girma ɗaya a kusa da wurin waɗanda aka riga aka ba da haya kwanan nan, ka kira wani mai kula da gidajen haya a yankin wanda ba ruwansa da cinikin, ka tambaye shi nawa zai iya sa ɗan haya a cikin wata guda.

Za ka ji dillalai suna ambaton ƙa'idar kashi 70: a ɗauki darajar gida bayan gyara, a ninka da 0.7, a cire kuɗin gyara. Ta masu saye su gyara su sayar ce. Kai da za ka riƙe gidan shekaru, haya ce alƙalinka. Gida na iya cika ƙa'idar 70 ya kasa biyan kansa, wani kuma ya saɓa mata ya yi ta kawo kuɗi.

In da bashi za ka saya, ka ƙara tambaya ɗaya tun da wuri: mai ba da bashin zai lissafa la'adar a cikin kuɗin gida ko daga aljihunka za ta fito? Bankuna da yawa ba sa son cinikin da aka miƙa, abin da ya sa galibin masu saye daga dillalan sari kuɗi a hannu suke biya ko su ci bashi mai gajeren wa'adi.

Mataki na 5: Ka shiga gidan

Gani ya kori ji. Ka tafi da magini ko mai duba gidaje wanda kai ka ɗauko. Ka ɗaga kai ka dubi silin, tabon ruwa mai launin shayi a kusurwa yana gaya maka halin rufi. Ka buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke ka taɓa katakon, in ya yi laushi ruwa ya daɗe yana ɗiga. Ka buɗe akwatin wuta ka ga ko wayoyin na zamanin da ne. Ka bi bangon waje a hankali kana neman tsagar da ta hau kamar matakala, wadda takan nuna harsashi ya motsa. Ɗakin da aka yi wa sabon fenti shi kaɗai a cikin tsohon gida ya cancanci a tsaya a kansa.

In akwai ɗan haya a ciki, ka nemi takardar hayarsa, da shaidar biyan watannin baya, da takardar da shi kansa ya sa wa hannu yana tabbatar da nawa yake biya da nawa ya ajiye na jingina. Wannan ajiyar za ta dawo wuyanka ranar da zai fita, saboda haka dole a miƙo maka ita a wurin kammalawa.

Duk abin da duban ya ƙara a kuɗin gyara, ka mayar da shi cikin lissafin mataki na 4.

Mataki na 6: Ku yi cinikin la'ada

Babu dokar da ta yanka abin da dillalin sari zai karɓa. Hanyar da aka fi bi ita ce rata: ya faɗi farashi ɗaya, duk abin da ya haura na mai gida nasa ne. Tana da kyau ga cinikin farko tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma tana saka wa wanda ya iya ciniki. Idan za ku daɗe tare, akwai wasu hanyoyin.

Kuna iya yanka adadi ɗaya kan kowane gida. Yana da sauƙi, amma yana da illa: dillali ba shi da dalilin matsa wa mai gida ya rage, kuma ranar da ya dace da gida mai romo sosai, wani zai kai wa. Kuna iya yin kaso daga kuɗin saye. Wannan ita ce mafi rauni a ganina, don tana ba shi lada mafi tsoka a daidai lokacin da ka sayi gida da tsada; ga shi kuma ta fi kama da kamashon dillali mai lasisi, abin da zai iya jawo muku matsalar doka. Wadda na fi so ita ce a haɗa biyu: ƙaramin adadi tabbatacce, sannan kaso daga duk abin da ya rage maka ƙasa da iyakarka. A misalinmu, a ce 5,000 tabbatacce ne. Iyaka 90,000, ya ɗaure a 78,000, in an cire 5,000 saura rarar 7,000, ku raba biyu. Ya tashi da 8,500, kai ka shiga gidan a 86,500. Gobe in ya matsa ya samo a 72,000, rabonsa ya ƙaru, naka ma ya ƙaru. Sharaɗin wannan tsari shi ne ka faɗa masa iyakarka ta gaskiya kuma ka nuna masa yadda ka fitar da ita.

Wasu suna ba dillali kaso a cikin gidan maimakon kuɗi. Kada ka fara da wannan. Ya zama abokin tarayya ke nan, da bakinsa a kan ranar sayarwa da kuɗin gyara, shekara da shekaru.

In abin da ya nema ya haura iyakarka, kada ka ce masa la'adarsa ta yi yawa. Ka ajiye lissafin a gabansa. Kana iya cewa: «Na duba gidan, rufin sai an sauya, magini ya ce 9,000 ne kuma babu shi a lissafinka. Da wannan, abin da zan iya biya duka 81,000 ne. Ko ka koma wurin mai gida, ko ka rage naka, ko ka gwada wani mai saye, ba zan ji haushi ba.» Ka ba shi zaɓi uku kuma ba ka taɓa mutuncinsa ba. Dillalin kirki zai ɗauki takardar maginin ya koma wurin mai gida da ita.

Akwai kuma gefen da masu jari ba sa son ji. In ya ɗaure gida a 55,000, iyakarka 90,000, ya ce 85,000 yake so, la'adarsa 30,000 ke nan, kuma za ka ji wani abu ya tokare maka ƙirji. Ka tambayi kanka: da mai gidan ne da kansa ya sallama maka a 85,000, za ka saya? In amsar e ce, to abin da ya shiga aljihun dillali bai rage maka komai ba. La'adar da kake gani ta gida ɗaya ce, amma ita ke biyan wasiƙun da ba a amsa ba da cinikin da suka watse a hanya. Kana da damar tayawa kamar kowane ciniki. Abin da ba shi da kyau shi ne ka amince, sannan ana saura kwana biyu a kammala, da ka san ba shi da lokacin neman wani, ka ce sai ya rage. Za ka iya cin nasara sau ɗaya. Dillalan gari guda sun san juna, kuma jerin masu sayen da suke fara kira gajere ne.

Mataki na 7: Ku rubuta

Takardar miƙa yarjejeniya ba ta da tsawo, amma ta ƙunshi sunayenku da adireshin gidan, ta ambaci yarjejeniyar asali a haɗa kwafinta, ta faɗi la'ada da lambobi da kuma ranar biya. A rubuta nawa ne kafin alƙalaminka, wa zai riƙe shi, kuma ko yana cikin la'adar ko ƙari ne. A rubuta ko za ka mayar masa da kafin alƙalamin da shi ya ajiye wa mai gida, don wannan ƙaramin abu yakan tayar da husuma a ranar ƙarshe.

Sai sharuɗɗan fasawa. Dillalai da yawa suna cewa kafin alƙalami ba ya dawowa, kuma suna da hujja, don mai sayen da ya janye a ƙurarren lokaci ya kashe musu ciniki. Ka yarda da hakan in kai ne ka fasa don raɗin kanka. Amma a rubuta cewa kuɗinka zai dawo cif in mai gida ne ya janye, ko bincike ya nuna mallakar ba ta da tsabta, ko an kasa miƙa gidan a yanayin da aka yi alkawari, misali an ce babu kowa a ciki sai ga mutum ya ƙi fita.

Shi ma yana da haƙƙin neman kariya: sharaɗin cewa ba za ka zagaye shi ka je wurin mai gida kai tsaye ba har zuwa wani wa'adi, wata 6 ko 12. Ka sa hannu. Wanda ya nuna maka ƙofa bai cancanci ka haura ta katanga ba.

Mataki na 8: Kuɗi ya bi ta hannun amintacce

Kada ka tura wa dillali la'ada ko kafin alƙalami a asusunsa. A Amurka kamfanin tantance mallaka ko lauyan kammala ciniki ne ke riƙe kuɗin amana. Su za su bincika ko akwai bashin haraji, ko jinginar banki, ko wani magini da ya ɗora wa gidan da'awar kuɗinsa, su biya waɗannan daga kason mai gida, sannan su raba sauran. La'adar dillali ta fito a takardar lissafin ciniki a layinta, a biya shi a ranar da gidan ya koma sunanka. Ka sayi inshorar mallaka, wato wadda za ta kare ka in wani ya fito daga baya yana da'awar gidan. Kafin ka tura kuɗi, ka kira ofishin da lambar da ka samo da kanka ka tabbatar da lambar asusu, saboda 'yan damfara sun ƙware wajen aiko da saƙon imel na bogi mai ɗauke da sabon asusu ana gab da kammalawa.

In dillali ya ce a ba shi wani abu a bayan fage don kada mai gida ko mai ba da bashi ya gani, ka ƙi. Ɓoye wa mai ba da bashi wani ɓangare na ciniki laifi ne da zai iya kai ka kotu, kuma abin da ba a rubuta ba ba za ka iya lissafa shi cikin kuɗin sayen gida a wurin haraji ba.

Wani lokaci lambobin suna da shakku, misali ya rantse haya za ta kai 1,400 kai kuma kana ganin 1,300. Kuna iya riƙe wani ɓangare na la'adar a asusun amana, a sake shi in an sa ɗan haya a adadin da ya faɗa cikin kwana 90 bayan gama gyara. Ba kowane dillali zai yarda ba, kuma yana da gaskiya in ya ce gyaran da neman ɗan hayan ba a hannunsa suke ba. Kada abin da aka riƙe ya wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma a rubuta ranar da za a sake shi ko a mayar maka, don kada ya zama bashin da babu ranar biya.

Mataki na 9: In kana son ya sake kawo maka

Ka ba shi bayanin abin da kake saye a rubuce: unguwanni, yawan ɗakuna, iyakar gyaran da za ka iya ɗauka, ribar da kake nema, da shaidar cewa kuɗin na nan. In ya turo gida, ka amsa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da a'a ce, ka faɗi dalili a taƙaice. Wa'adinsa gajere ne, shirunka na mako guda ya fi ƙin amincewarka cutar da shi.

In kana son ya riƙa nuna maka gida kafin kowa, wannan ma abin saye ne. Ko ka ƙara masa wani abu a kan kowane ciniki, ko ka ɗauki wani ɓangare na kuɗin tallansa na wata, a cire daga la'adar gidan da ya biyo baya. In kun zaɓi na biyun, ku yanka wa'adi, wata uku misali, da adadin gidajen da suka cika sharuɗɗanka da zai gabatar a ciki, in bai cika ba tsarin ya tsaya.

Bayan wata shida da kammala ciniki, ka tura masa lambobin gaskiya: nawa gyara ya ci, nawa aka ba da haya, kwana nawa gidan ya yi babu kowa. Ka ajiye su kusa da lissafin da ya turo maka tun farko. In ya saba rage kuɗin gyara da kashi ɗaya cikin huɗu, ka san abin da za ka ƙara a gida na gaba tun kafin ka je dubawa, shi ma ya san farashin da zai nema a wurin mai gida in yana son la'adarsa ta fita cikakkiya.